Iskar da ta ƙi fita: lacca kan tsamin jini na numfashi

Wannan laccar daga rikodin na rubuto ta, yadda likitan ya yi maganarsa haka na barta, gaishe-gaishen farko kawai na rage.

Assalamu alaikum warahmatullah. To jama'a na gode da kuka daure kuka zauna, ɗalibai da nas-nas da iyayenmu da ke baya duk sannunku. Kafin in ce komai ina so kowa ya min abu ɗaya, banda mai ciwon zuciya ko mai asma, ku kam ku kalla kawai. Ku ja numfashi ku riƙe. Ku riƙe dai... kar ku saki... yauwa ga wasu har sun saki. To me ya tilasta maka ka saki? Na san amsar da za ku ba ni, za ku ce oksijin ya ƙare. Wallahi bai ƙare ba. Da na maƙala maka abin nan na yatsa da muke auna oksijin da shi, a sakan 30 ɗin nan da ka riƙe da kyar lambar za ta motsa. Abin da ya shaƙe ka ya ce sai ka saki, iskar kabon ce da ta fara taruwa, kabon dayoksaid, wadda muke rubutawa CO2. Ita ce mai bulalar da ke kora numfashinka dare da rana, kai kana ta godiya ga oksijin.

Kuma maganata ta yau ke nan gaba ɗaya. Mutane sun ɗauka numfashi shigar da iska ne kawai, alhali rabin aikin fitarwa ne, kuma wannan rabin idan ya lalace ba ya ihu, shiru yake kashe mutum, wani lokaci ma ana tsaye a kansa ana cewa alhamdulillahi ya samu barci.

Bari mu fara daga inda iskar take fitowa. Kowace ƙwayar halitta a jikinka wuta take hurawa, tana ƙona abin da ka ci da oksijin don ta samu ƙarfi, kuma duk inda wuta ta ci sai an samu hayaƙi, to hayaƙin namu shine kabon ɗin. Babban mutum yana zaune ba ya komai yana samar da wajen mililita 200 a minti ɗaya, ka lissafa zuwa kwana guda kusan lita 300 ke nan, kuma duk sai ta fita ta hanci da baki, ba ta da wata ƙofa da za ta ɗauke wannan yawan. Iskar da muke shaƙa kabon ɗin cikinta kashi 0.04 ne cikin 100, wadda muke fitarwa wajen kashi 4, ninki ɗari fa.

To matsalar ita ce wannan iska idan ta haɗu da ruwa asid take zama, kuma jini ai ruwa ne mafi yawansa. Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ke hanzarta haɗuwar, kafin ƙiftawar ido ta koma asid, idan jinin ya iso huhu sai abin ya juya baya, asid ya koma iska, ka busar da ita. Wato kai da kake zaune nan duk numfashin da ka fitar asid ka zubar. Huhu shine babban magudanar asid na jiki, ƙoda ma tana yi amma nata ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta. Idan magudanar ta toshe, kabon ya taru, jini ya yi tsami, shine abin da likitoci ke kira resfiretori asidosis, ni dai na fi son in ce tsamin jini na numfashi, don akwai wani tsamin jinin da ba daga numfashi yake ba, kaman na mai ciwon suga da ya rikice ko na mai ciwon ƙoda, wannan darasin wata rana ne.

Ɗalibai ku rubuta lambobin nan don za ku rayu da su. Ma'aunin tsami ana ce masa pH, wani masani ɗan Denmak mai suna Sorensen ne ya fito da shi a 1909. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, ɗan siririn layi haka. Matsin kabon a jinin jijiyar da ke bugawa yana tsakanin 35 da 45. Sai bayikabonet, shi kuma shine mai kashe kaifin asid, 22 zuwa 26. Idan ka ga kabon ya haura 45 kuma pH ya faɗi ƙasa da 7.35, to shikenan ga shi nan a gabanka. Kar lambar ta ruɗe ku ku ce ai daga 7.4 zuwa 7.1 ba wani abu ba ne, a wannan ma'aunin saukowar nan tana nufin asid ɗin ya ninka sau biyu, kuma zuciya da ƙwaƙwalwa ba sa wasa da wannan.

Yanzu ga wani lissafi da nake so ko tsohuwar da ba ta yi makaranta ba ta tafi da shi gida. Numfashi ɗaya na babban mutum wajen mililita 500 ne. Amma ba dukansa ke isa can ƙasan huhu inda ƙananan jakunkunan iska suke ba, wajen 150 a bututu yake tsayawa, maƙogwaro da rassansa, ya shiga ya fito bai taɓa jini ba. To mai numfashi 12 a minti, ka cire 150 daga 500 saura 350, sau 12, ya ba ka 4,200, wannan shine iskar da ta yi aiki. Ga wani kuma yana haki, sama-sama, numfashinsa 250 ne amma sau 24 a minti. Idan ka duba jimla dukansu lita 6 suka ja, kai ka ce ɗaya ne. Amma cire 150 daga 250, saura 100, sau 24, 2,400 kacal. Kun gani? Ƙirji na ta ɗagawa, kowa na ganin yana numfashi har da sauri, amma iskar a bakin ƙofa take juyawa. Kuma ƙa'idar ba ta da wuya, idan iskar da ke isa ƙasa ta ragu da rabi, kabon ɗin jini ninkawa yake yi. Shi yasa nake faɗa wa nas ɗina kullum kar ki ƙirga numfashi kawai, ki kalli zurfinsa, ki sa hannu a ƙirjin ki ji.

Me ke hana iskar fita? Ni nakan bi abin ne daga sama zuwa ƙasa. Umarnin numfashi daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, can wajen ƙeya, akwai wurin da ke ɗanɗana tsamin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, da ya ji tsami ya ƙaru sai ya ce a ƙara numfashi. To wannan mai gadin ana iya sa shi barci. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin, da kodin, da tiramadol, da hodar heroyin, da ƙwayoyin barci irin su dayazifam, da giya, duk aikinsu ke nan idan suka yi yawa, kuma mafi muni idan aka haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai, don huhun yaron lafiyarsa ƙalau, sabo fil, babu abin da ya same shi, kawai wanda zai ce masa ja numfashi ne aka kwantar. Za ka same shi numfashi 6 ko 5 a minti, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, yana wani irin minshari, abokai su ce a bar shi ya huce da safe zai tashi. Da yawa ba sa tashi. Buguwa a ka da shanyewar ɓarin jiki idan ta taɓa wurin ma haka suke yi.

Daga nan sai jijiyoyin da ke kai saƙon da naman da ke aikin, musamman faifan naman nan da ya raba ƙirji da ciki. Shan inna yana kashe su, dafin wasu macizai yana kashe su, maganin ƙwari na feshi idan ya shiga jiki, da cututtukan da ke sa nama ya yi laushi a hankali. Sai akwatin da kansa, haƙarƙari ya kakkarye, ko ƙashin baya ya lanƙwashe sosai, ko ƙiba mai yawa ta danne ƙirji har huhu ba shi da filin buɗewa.

Sai kuma bututun, kuma a nan ne mafi yawan marasa lafiyarmu suke. Akwai cutar toshewar huhu ta dindindin, COPD, wadda hayaƙin taba ke jawowa da hayaƙin itace ko gawayi da ake shaƙa shekara da shekaru a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta kashe mutum miliyan 3.23, ita ce ta uku a jerin masu kisa a duniya a shekarar. Mai wannan cutar iska tana shiga masa, fitar ce wahala, bututun sun ƙuntace sun yi laushi, da ya zo fitarwa sai su rufe su kulle iskar a ciki, shi yasa za ka gan shi yana tsuke baki kamar mai hura wuta, ƙirjinsa ya kumbura kamar ganga. Asma kuma ku kula da wannan da kyau, mai asma idan ta tashi da farko kabon ɗinsa ƙasa yake yi don yana ta haki, to idan ka auna ka ga ya dawo 40 alhali har yanzu yana fama, kar ka yi murna, gajiya ce ta fara kama shi. Haka idan kukan ƙirjin nan ya ɗauke ɗif mutum bai samu sauƙi ba, ba warkewa ba ce, iskar da za ta yi kukan ce babu.

Akwai bambanci tsakanin wanda abin ya faɗo masa yanzu da wanda ya daɗe da shi, kuma ƙoda ce ta raba su. Ƙoda idan ta ga jini na tsami sai ta fara riƙe bayikabonet tana zubar da asid a fitsari, amma ita ba ta da gaggawa, sai ta yi kwana 3 zuwa 5 kafin ta kammala. A ce mutum biyu kowanne kabon ɗinsa 70. Na farko yaron da ya sha ƙwaya awa biyu da suka wuce, ƙoda ba ta ko farka ba, bayikabonet ɗinsa wajen 27, pH wajen 7.2, yana bakin kabari. Na biyu dattijo mai COPD shekara goma, bayikabonet ɗinsa ya kai 35 ko 36, pH wajen 7.33, yana zaune yana hira da kai. Lamba ɗaya, hali biyu. Don haka ɗalibi kar ka ga 70 ka ruɗe, duba pH, duba bayikabonet, sannan ka ɗaga kai ka kalli mutumin.

Bari in ba ku wani tarihi, don ni duk lokacin da na shiga ɗakin kulawa ta musamman sai na tuna shi. A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. Asibitin Blegdam ne ke karɓar su, kuma a makonnin farko na annobar, daga mutum 31 na farko da cutar ta taɓa musu numfashi, 27 suka mutu. Na'urar da ake da ita a lokacin wani babban akwatin ƙarfe ne da ake saka mutum ciki kansa a waje, kuma guda ɗaya tak suke da shi sai wasu ƙanana shida na ɗaurawa a ƙirji. Likitocin suna auna jini suna ganin jimlar kabon ɗin cikinsa ta yi sama, sai suka fassara shi a juye, suka ɗauka jinin ya rasa asid ne, suna ganin ƙwayar cutar ce ta cinye ƙwaƙwalwa babu abin yi. Sai aka kira wani likitan sa barci a tiyata, Biyon Ibsen, shi kuwa aikinsa kullum kallon numfashin mutane ne. Ya dubi marasa lafiyar, zufa, hawan jini, fata ta yi ɗumi, ya ce waɗannan ba cutar ke kashe su kai tsaye ba, kabon ne ya taru, ba sa fitar da iska yadda ya kamata.

Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da ake ganin ta kusa tafiya. Aka huda maƙogwaronta aka sa bututu, ya haɗa da jakar roba ya fara matsawa da hannu, da farko abin ya ƙi, tana fizge-fizge iska ba ta shiga, sai ya yi mata allurar barci jikinta ya saki, iska ta fara shiga tana fita, launinta ya dawo. Shugaban ɗakin gwajin asibitin, Pol Astrup, ya auna pH kai tsaye aka ga lallai jinin tsami ne da shi, Ibsen ne da gaskiya. To amma ina na'ura? Babu. Sai aka kira ɗaliban likitanci da na haƙori, wajen su 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, kowa na zaune gefen gado yana matsa jaka da hannunsa, makonni har watanni. Mutuwar da take kusan kashi 90 cikin 100 ta sauko ƙasa da rabin haka. Daga nan ne aka samu ɗakin kulawa ta musamman, Ibsen ya buɗe nasa a 1953, kuma gwajin iskar jini da muke yi yau daga wannan wahalar ya girma. Ku ɗalibai ku ji da kyau, sa'anninku ne fa suka riƙe ran yaran nan a tafin hannunsu.

To yaya ake gane shi? Kabon idan ya taru yana buɗe jijiyoyin jini, na ka da na fata. Shi yasa ciwon kai ke zuwa, musamman da safe in an tashi daga barci, hannu ya yi ɗumi, bugun jijiya ya yi ƙarfi, ido ya yi ja. Sai gyangyaɗi da rana, sai ruɗewa, mutum mai hankali ya fara magana ba kai, ko ya yi ta faɗa ba dalili, dangi su ce tsufa ne ko aljanu. Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi, ka ce ya miƙa hannayensa gaba ya ɗaga tafukan kamar mai tsayar da mota, ka jira, za ka ga hannun yana faɗuwa yana dawowa kamar fiffiken tsuntsu. Daga nan sai barci mai nauyi, sai suma.

Abin yatsan nan kuwa, da kowa ya sani tun lokacin korona, oksijin kaɗai yake aunawa, bai san komai ba game da kabon. Mutum na iya nuna 99 alhali jininsa ya yi tsamin da zai kashe shi. Kabon sai an ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu an kai na'ura.

Ni wannan ba a littafi na koye shi ba, a kan wani bawan Allah na koya, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ina sabon likita, ina aikin dare, aka kawo wani dattijo da ya daɗe yana shan taba, yana zaune ya dafa gwiwoyinsa yana tsuke baki, ko kalma uku ba ya iya haɗawa. Na sa masa abin yatsa ya nuna 84. Ban yi wata-wata ba na sa masa takunkumin oksijin mai jaka na buɗe har ƙarshe, lita 15. Lamba ta hau 99, hakin ya lafa, ya jingina ya rufe ido. 'Yarsa ta ce min likita Allah ya saka da alheri, kwana uku Baba bai runtsa ba. Na ji daɗi na wuce wurin wasu. Wajen ƙarfe uku wata tsohuwar nas, wadda ta girmi mahaifiyata a aiki balle ni, ta zo ta ce likita zo ka ga mutumin nan, barcin nan bai min ba. Muka kira sunansa shiru, muka girgiza shi da kyar ya buɗe ido ya mayar. Ta kamo hannunsa ta ɗaga ta ce taɓa ka ji, ɗumi kamar mai zazzaɓi, yatsun na ta fizga. Jini ya dawo pH 7.18, kabon 95, abin yatsa kuma yana nan yana nuna 99 abinsa. Muka rage oksijin, muka ɗaura masa na'urar da ke tura iska ta takunkumi, muka zauna a kansa har gari ya waye, Allah ya sa da sauran kwana ya farfaɗo. Amma da nas ɗin nan ta bi lamba kamar yadda na bi, da gawa za mu tarar da asuba, kuma da hannuna.

Me ya faru? Da ana koya mana cewa irin waɗannan mutane rashin oksijin ne kaɗai ke sa su numfashi, in ka ba su sai su daina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba shine babban dalilin ba. Huhu yana da dabara, duk ɓangaren da iska ba ta shiga sosai sai ya tsuke jijiyoyin jinin wurin ya karkatar da jini zuwa inda ke aiki. Da ka cika oksijin sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya koma lalatattun wurare inda ba zai iya sauke kabon ba. Na biyu, sinadarin jan jini da ke ɗaukar oksijin shi ma yana ɗaukar kabon, in ya ƙoshi da oksijin sai ya saki kabon ɗin cikin jini, mai lafiya zai busar, wannan kuwa ba hali.

An gwada abin a fili. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya an yi bincike a motocin ɗaukar marasa lafiya, aka buga a 2010, mutum 405 da ake zaton COPD ɗinsu ce ta tashi, wasu aka buɗe musu oksijin sosai, wasu aka ba su daidai gwargwado. Waɗanda aka buɗe wa kashi 9 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka auna wa kashi 4. Shi yasa ga mai COPD da duk wanda ake tsoron kabon zai taru masa, abin da ake nema a yatsa 88 zuwa 92 ne, ba 100 ba. Amma don Allah kar wani ya fita daga nan ya ce likita ya ce oksijin guba ne. Rashin oksijin cikin mintuna yake kisa, wanda ya yi shuɗi ka ba shi, ba a hana shi. Magani ne, yana da awo kamar kowane magani, ka ba shi, ka tsaya ka duba, ka daidaita. Kuma ku 'yan jinya, roƙona gare ku, kar ku taɓa makunnin nan na bango ko na tukunya don kun ga numfashi ya yi wuya, ku kira nas.

Maganin abin kansa kuwa a bakin faɗa ba wuya, a fitar da iskar, a kuma gyara abin da ya hana ta fita. Mai toshewar bututu a ba shi maganin buɗewa na shaƙa da maganin kumburi, da na ƙwayoyin cuta idan su suka tayar da ita. In an yi kamar awa guda pH na nan ƙasa da 7.35 kabon na sama, sai na'urar takunkumi mai tura iska, tana turawa da ƙarfi lokacin shaƙa ta sassauta lokacin fitarwa, ta ɗauke wa naman ƙirji gajiya, ta ceci mutane da yawa daga sa bututu. In ta gaza ko mutum ya suma sai bututu da bentileta, wato na'urar da ke yi wa mutum numfashi. Wani ɗalibi zai ce to tunda asid ne me zai hana a ɗura bayikabonet? Ka tuna bayikabonet in ya haɗu da asid kabon yake haifarwa, ka ƙara wa ɗakin da hayaƙi ya cika wuta ke nan alhali taga a rufe. Kuma dattijon da ya saba da kabon 65 ba a fizgo shi zuwa 40 cikin awa ɗaya, ƙodarsa ta tara bayikabonet, jinin zai tsallaka ɗaya ɓangaren har ya yi farfaɗiya, inda ya saba ake mayar da shi a hankali.

Lokaci ya tafi, bari in ɗauki tambaya biyu ko uku.

Wani ɗalibi ya ce: Likita, mutanen da ake samu sun mutu a ɗaki saboda hayaƙin janareto, wannan ne?

A'a ƙanina, kuma na ji daɗi da ka tambaya don ana haɗa su. Wancan kabon monoksaid ne, ɗan'uwansa ne a suna kawai. Shi yana zuwa ne daga wutar da ba ta ci da kyau ba, ya kama jan jini ya hana shi ɗaukar oksijin, ba shi da wari ba shi da launi. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, shi ma abin yatsa ba ya ganinsa, zai nuna maka lamba mai kyau mutum na mutuwa. Shi maganinsa a fitar da mutum waje a buɗe masa oksijin har ƙarshe, ka ga akasin na dattijona ke nan.

Wata baiwar Allah daga baya ta ce maigidanta yana da jiki, yana minshari har numfashinsa ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, da rana kuma ko ana magana sai ya yi barci.

Hajiya ki kai shi a duba shi, kar ki bari. Wannan maƙogwaro ne ke rufewa cikin barci, sau da yawa a dare ɗaya, wasu kuma in ƙiba ta yi yawa kabon ɗin har da rana ba ya sauka. Ki lura ko yana tashi da ciwon kai, ko ƙafafunsa na kumbura, ki faɗa wa likitan. Akwai na'urar da ake kwana da ita, wani likita Kolin Suliban ne ya fito da ita a birnin Sidni na Ostireliya a 1981, tana riƙe hanyar a buɗe. Kafin nan kar ya sha maganin barci ko wane iri, kuma in yana tuƙi Hajiya ki yi masa magana yau ɗin nan.

Na ƙarshe, wani matashi ya ce in mutum ya samu abokinsa ya sha ƙwaya ba ya tashi me zai yi kafin a isa asibiti.

Yauwa. Kira sunansa da ƙarfi, murza masa ƙashin ƙirji da gaɓoɓin yatsunka. In bai farka ba kalli ƙirjin ka ƙirga minti ɗaya cur da agogo, in ka samu ƙasa da 10, ko yana dogon shiru tsakani, ko leɓe ya canza launi, to ba barci ba ne, a nemi mota yanzu. Kwantar da shi a gefensa ka ɗaga haɓarsa don harshe kar ya toshe hanya, kar ka ɗura masa komai a baki, zai wuce huhu ne. In numfashin ya tsaya ka hura masa baki da baki, in babu bugun zuciya a fara danna ƙirji. Ku ɗauki kwalin ko kwalbar abin da ya sha ku taho da shi, kuma ku faɗa mana gaskiya, mu ba kama mutane muke ba, sanin abin ne zai sa mu ɗauko allurar da ta dace. Akwai allurar naloksan da ke karya dangin mofin cikin mintuna, za ka ga mutum ya buɗe ido har yana neman tafiya gida, to kar ku tafi da shi, ƙarfinta daga minti 30 zuwa 90 yake ƙarewa, abin da ya sha kuwa yana nan a jikinsa, sai ya koma ya sake nutsewa a hanya. Ku bar shi a gado inda ake ƙirga masa numfashi har sai likita ya ce ya fita.